Yadda ake gano inda warin shofaj ɗin tsohuwar mota yake fitowa

Wata tara ko goma a shekara babu mai tunawa da shofaj a Maraɗi. Sai Disamba ta kama, hunturu ya sauko, mutum ya fito da asuba zai kama hanyar Tasawa ko Dakoro, yatsu sun ƙage a kan sitiyari, sannan ya tura maɓallin nan zuwa ɓangaren ja. Iska mai ɗumi ta fito, wari ya biyo ta. A makonnin nan ne masu motoci suke cika mana gareji da magana ɗaya: "Malam, motar nan wari take, ban san ko na mene ne ba." Yawancinsu kafin su zo sun riga sun rataya turare a madubi, wani ma har ya turara kujeru da na wuta. Turaren nan shi ne yake fara ɓata mana aiki, domin warin da aka rufe shi ne zai nuna mana ciwon.

Shofaj shi ne abin da ƴan'uwanmu na Katsina da Kano suke kira hita. Abin da zan koya maka a nan shi ne ka bi warin har gidansa kafin ka kwance ko da ƙusa ɗaya. Na taɓa karɓar wata Carina da aka yi kwana biyu ana kwance mata tablo, wato allon gaban direba, a wani wuri, aka karya maƙalai, aka tsinka wayoyi, alhali baƙin mai ne kawai yake ɗiga a kan bututun salansa. Aikin rabin awa ne.

Abin da ya kamata ka sani game da na'urar kaɗan ne. A bayan tablo akwai akwati na roba. Cikinsa akwai wani ƙaramin lagireto, bai wuce girman littafi ba, wanda tiyo biyu suke kawo masa ruwan zafi daga inji su mayar. Akwai fanka da take hura iska ta cikinsa. In motar mai kilim ce, wato na'urar sanyaya cikin mota, akwai kuma wani mai kama da shi na sanyi a gefensa. Iskar kuwa ta hanya biyu take shiga: ko daga waje, ta ragar da ke gindin gilashin gaba inda magogin gilashi suke kwance, ko kuma a rufe wannan ƙofa ta riƙa zagayawa a cikin motar. Saboda haka wari ɗayan uku ne: ko yana kwance cikin akwatin, ko ruwan inji ne yake tsiyaya, ko kuma daga waje fanka take zuƙo shi.

KAYAN AIKI

Tocila mai haske sosai. Farin tsumma ko takardar goge hannu. Farin kwali. Turnabis mai baki ɗaya da mai kuros. Pensa. Sifana mai lamba 8, 10 da 12. Safar hannu ta roba da abin rufe hanci. Bokiti, garin sabulu da tsohon buroshin haƙori. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi. Alƙalami ko salatif na sa alama. In kana iya aro, ka samo mita ta auna wutar batir da famfon gwada lagireto. In babu, zan nuna maka yadda za ka yi ba su. Ka samu mutum na biyu, wanda bai saba shiga motar ba, domin hancin mai mota ya riga ya saba. Ku duka kada ku shafa turare ranar.

A fili za ka yi aikin nan. Kada ka tada inji a cikin rufaffen gareji ko zaure, ko da na minti biyar ne.

1. KA KWASHE KOMAI, KA YI TAMBAYA

Fitar da dardumar ƙafa, ka buɗe but, ka duba ƙarƙashin kujeru da ramin safaya. Motocinmu suna ɗaukar kifi busasshe, daddawa, jarkar isansi (fetur), kaji, fura a leda. Sau da yawa warin yana cikin motar tun tuni, zafin shofaj ne kawai ya tayar da shi. Cire duk wani turare, ka buɗe ƙofofi huɗu na minti goma.

In ba motarka ba ce, tambayi mai ita: yaushe warin ya fara? Tana cin ruwa? Gilashi yana yin hazo ta ciki? Ya fi tsanani a tsaye ko a guje? Ka kuma tambaye shi ko yana jin ciwon kai ko jiri in ya daɗe yana tuƙi. In ya ce e, tsallake kai tsaye zuwa mataki na 7, ka dawo kan sauran daga baya.

2. GWAJI HUƊU DA HANCI

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma da safe ake yin sa, inji yana sanyi tun daren jiya. Tsakanin kowane gwaji ka fita ka sha iska minti biyu ko uku, ƙofofi a buɗe. Hanci yana saurin gajiya. In ka zauna a ciki, kafin gwaji na uku ba ka jin komai.

Na farko: murɗa makulli wuta ta kama amma kada ka tada inji. Sa maɓallin zafi a kan shuɗi, ka kunna fanka daga lamba 1 har ƙarshe. In wari ya fito yanzu, inji ba shi da laifi. Abin yana cikin akwatin: ƙura, rima, mushe, ko fankar kanta. Ka kasa kunne kuma. Fanka mai lafiya huci kawai take. In tana karkarwa ko tana ƙarar kamar an sa kara a wayar keke, wani abu ya faɗa mata.

Na biyu: tada inji, har yanzu a kan shuɗi, ƙofar iskar waje a buɗe. Warin da bai fito ɗazu ba ya fito yanzu, to daga ƙarƙashin bonet yake ko daga salansa.

Na uku: rufe ƙofar iskar waje, wato maɓallin da ke da zanen kibiya mai lanƙwasa cikin mota. In warin ya ragu cikin minti ɗaya ko biyu, ka tabbatar daga waje yake shigowa. Wasu tsofaffin motocin Turai marasa kilim ba su da wannan maɓalli; a irinsu sai ka shimfiɗa tsumma mai kauri a kan ragar gindin gilashi na ɗan lokaci, ka rage ƙarfin fanka.

Na huɗu: bar inji ya yi zafi, minti goma zuwa sha biyar, allura ta kai inda ta saba tsayawa. Yanzu tura maɓalli zuwa ja gaba ɗaya. Warin da sai a nan ya bayyana, daga ƙaramin lagireton yake, ko daga dattin da ya kwanta a kansa.

In iskar ta ƙi yin zafi sosai, kada ka yi saurin cewa shofaj ya mutu. A ƙasarmu an saba cire tamostat daga inji wai don kada mota ta yi zafi. Ni ban yarda da wannan ɗabi'a ba. Tamostat yana riƙe ruwa ne har ya kai kamar digiri 82 zuwa 90 kafin ya sake shi zuwa babban lagireto. In babu shi, da sanyin asuba inji yana daɗewa bai ɗumama ba, yana shan mai fiye da ƙima, shofaj kuma yana ba da iska salam.

3. WARIN ƘURA MAI ƘUNA

Shi ne mafi yawa kuma mafi sauƙi. Kamar an ɗora dutsen guga a kan tsohon bargo. Ƙurar wata goma ce ta kwanta. Buɗe tagogi, sa zafi da fanka a ƙarshe minti goma sha biyar. In ya tafi, shi ke nan. In motar tana da matatar iskar ciki, tana bayan aljihun tablo ko ƙarƙashin ragar gindin gilashi. Zaro ta, in ta yi baƙi ka sauya, ka lura da kibiyar da ke jikinta. Da yawa daga motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 ba su zo da ita ba, don haka kada ka ɓata rana kana nema. Warin ƙura raguwa yake yi. Wanda yake ƙaruwa ba ƙura ba ce.

4. WARI MAI ZAƘI-ZAƘI, KO NA TSATSA DA TURURI

Nan zan daɗe, domin nan ne kuɗi yake fita, nan ne kuma inji yake iya tafiya.

Ruwan lagireto mai launi, kore ko ja ko shuɗi, yana da sinadarin etilin gilaikol. In ya yi zafi yana ƙamshi kamar an narka sukari ko alewa. Guba ne. Kada ka ɗanɗana shi don gwaji, kamar yadda nake ganin wasu yara suna yi a gareji, kuma kada ka bar shi a buɗe inda yaro ko akuya za su kai baki, domin zaƙinsa yana jan su.

Amma motocinmu da suka shigo ta Kwatano da ruwan Turai a ciki, bayan shekara ɗaya ko biyu mafi yawansu ruwan famfo ko na rijiya ake ɗura musu. Irin wannan mota ba za ka ji zaƙi ba. Abin da za ka ji shi ne warin jiƙaƙƙen ƙarfe mai zafi, kamar tsohuwar tukunyar da aka bar ruwa ya kwana a ciki. Ruwan banza shi ne ma yake cin ƙaramin lagireton: tsatsa da gishirin ruwa suna taruwa a siraran bututunsa, su toshe su, su huda su.

Ga yadda za ka tabbatar. Juya iskar zuwa gilashin gaba da zafi. In gilashi ya yi hazo maimakon ya washe, ka shafa yatsa: maiƙo-maiƙo mai santsi alamar ruwa mai launi ne. Sa hannu ƙarƙashin kafet a gefen fasinja da tsakiyar mota, ka ɗaga shi har ka taɓa soson da ke ƙasa, domin sama yana iya bushewa ƙasa yana jiƙe. Danna farin tsumma a wurin. Kore, ja ko ruwan tsatsa, daga inji ne. Fari tas mara santsi, ruwan kilim ne ko na sama, ka wuce mataki na 5.

Sannan ka sa alama a gorar ruwan inji da safe yana sanyi, ka duba bayan kwana biyu ko uku, shi ma da safe. Motar da ba ta da gora sai ka buɗe murfin lagireto ka duba. Murfin nan ba a buɗe shi da zafi. Ruwan ciki ya wuce tafasa, matsi ne ya danne shi. Kana sassautawa zai yi tsiri a fuskarka. Na ga fatar hannun mutum ta saɓule ta wannan hanya, ba na son in sake gani.

In ka samu famfon gwaji, ɗaura shi a bakin lagireto inji yana sanyi, ka buga har adadin da aka rubuta a kan murfin, galibi 0.9 ko 1.1. Kada ka wuce, tsohon lagireto ba ya jure ƙari. Jira minti goma sha biyar. Allura tana sauka, ka bi da tocila ka ga inda yake ɗiga. In babu famfo, bar inji ya yi zafi har tiyon sama ya yi tauri, ka kashe, ka tura farin kwali ƙarƙashin akwatin shofaj, ka dawo bayan rabin awa.

Kuskuren da aka fi yi: a ga kafet ya jiƙe a ce ƙaramin lagireto ya fashe. Tukuna. Je ka ƙarƙashin bonet, wurin da tiyo biyun suke shiga bangon da ya raba inji da ɗaki. Sau da yawa zoben ƙarfen da ya ɗaure tiyo ne ya saki, ko bakin tiyon ya tsage, ruwa ya bi jikin bututu ya gangara ciki. Wasu motocin, irin su Peugeot 504 da tsofaffin Toyota da yawa, suna da ɗan famfo mai buɗe wa ruwan hanya, shi ma yana tsiyaya in ya tsufa. Waɗannan gyaran ƙaramin kuɗi ne. Sai ka ga duk sun bushe sannan ka ɗora laifi a kan na ciki.

In na cikin ne, hanya biyu ce. Ta farko a cire shi, wanda a motoci da yawa sai an sauke tablo, aikin yini guda ga wanda ya iya. Na jan ƙarfe, masu gyaran lagireto suna iya like shi da dalma. Na alminiyom mai kan roba kuwa sauyawa ake yi. In na hannu za ka saya a wurin masu tsofaffin kaya, gwada shi a gabansu: toshe baki ɗaya, nutsa shi a bokitin ruwa, hura iska a hankali ta ɗayan da famfon keke. Kumfa ta fito, ka mayar musu.

Ta biyu, in babu kuɗi yanzu ko kana kan hanya, ka kewaye shi. Inji a sanyaye. Zubar da ruwa kaɗan a bokiti. Sassauta zoben tiyo biyun a jikin bangon, ka murɗa tiyon hagu da dama har ya saki. Kada ka fizga, bututun da ke ciki siriri ne. In ya manne, gara ka tsaga bakin tiyon da reza. Haɗa tiyo biyun da guntun bututun ƙarfe daidai faɗinsu, galibi milimita 16, wasu 19, ka ɗaure kowane gefe da zobe. Ka tabbata tiyon bai lanƙwashe ya shaƙe ba, bai kuma taɓa salansa ko fankar inji ba. Wasu suna cusa tsohuwar buji (fulogi) ko itace su toshe kowane tiyo. Ban ba ka shawarar haka ba, saboda a wasu injuna ta wannan hanya ruwa yake zagayawa kafin tamostat ya buɗe. Hure ragowar ruwan da ke cikin ƙaramin lagireton, ka toshe bakunansa don ƙura.

Bayan ko wanne daga cikin biyun, cika ruwa ka fitar da iska: gaban mota a ɗan tudu, murfi a buɗe tun inji yana sanyi, maɓalli a kan ja, inji yana aiki a hankali har kumfa ta daina fitowa, kana ƙara ruwa. Motocin Peugeot suna da ƴan ƙusoshin fitar da iska; buɗe su har ruwa ya fito ba tofi. Iskar da aka bari a ciki tana sa inji zafi a hanya. Ka sani kuma, wanda ya kewaye shofaj ya rasa iska mai ɗumi ta share hazon gilashi da damina da asubahin ɗari, sai ya riƙa tafiya da tsumma a kusa.

Ɗanyen ƙwai, garin barkono, da garin toshe yoyo na kanti: duk na ga an zuba. Suna iya tsayar da ɗigo na ƴan kwanaki, amma ba ramin kaɗai suke toshewa ba, har da hanyoyin babban lagireto. Garin neman gira a rasa ido. In kuma ka sauya sabo ya sake fashewa, ko ka ga kumfa ba ta ƙarewa a bakin lagireto, tiyo yana tauri tun inji bai ɗumama ba, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gasket ɗin kan inji ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone yake tura hayaƙi cikin ruwa. Wannan ya wuce aikin mai koyo, ka kai wa babba.

5. WARIN RIMA DA WARIN MUSHE

Rima tana wari kamar jiƙaƙƙen tufa da aka manta a buhu. Ruwa ne ya kwanta inda bai kamata ba. Mu nan kowa inuwar bedi yake nema ya ajiye mota, ganye da ƴaƴanta suna zuba cikin ragar gindin gilashi, su haɗu da ƙura su zama laka, su toshe magudanan da ke gefe biyu. Da damina ruwa ya taru ya malala cikin fanka. Gwajin mai sauƙi ne: tsiyaya gorar ruwa a ragar, ka duba bayan tayoyin gaba. Ya kamata ya zubo nan take. In bai zubo ba, cire ragar, kwashe lakar da hannu, ka zura siririn tiyo ka buɗe magudanan.

Mota mai kilim tana da ɗan tiyon roba a ƙasa, gefen fasinja, inda ruwan kilim yake ɗiga. In kilim yana aiki ba ka ga ɗigo a ƙasa ba a lokacin damina, ya toshe. Matsa bakinsa da yatsa ko ka zura igiyar roba mai laushi. Kada ka zura waya mai tsini da nisa, za ka huda na'urar sanyin, gas ya tsere.

Kafet ɗin da ya jiƙe sai an ɗaga shi, a fitar da soson a shanya a rana. Wannan dai ba mu rasa ta ba. Kada ka fesa ruwan jabel, wato bilic, cikin ramukan iska. Yana cin alminiyom, kuma kai ne za ka shaƙe shi daga baya. Ruwan sabulu a kan abin da ka ciro ya isa, sannan zafi da fanka a ƙarshe minti goma sha biyar, tagogi a buɗe. Gawayi a ɗan kwano ƙarƙashin kujera kwana biyu yana tsotse ragowar.

Mushe kuwa ba ya ɓuya. Motar da take dakon gero, wake ko gyaɗa, ko take kwana kusa da rumbu, ɓera yana shiga ta ƙofar iska ya yi sheƙa a cikin fanka. Ƙadangare ma yana shiga. Fankar tana ƙarƙashin aljihun tablo a yawancin motoci, ƙusa uku ko huɗu ne da soket ɗaya. Cire kan batir mai alamar ragi da sifana 10 tukuna. Sa safar hannu, rufe hanci. Kashin ɓera yana ɗauke da cuta, don haka kada ka hure shi da iska ko ka share shi a bushe. Jiƙa shi da jabel kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, ka kwashe da tsumma, ka ƙulle a leda. Wanke fuka-fukan robar da buroshi, kada ruwa ya shiga ɗan injin wuta na fankar. Kafin ka mayar, haska wayoyin wurin ka ga ko ya ci su, sannan ka ɗaura ragar ƙarfe mai ƙananan ido a bakin ƙofar iskar.

6. WARIN ROBA KO WAYA MAI ƘONEWA

Mai yaji ne, yana kama maƙogwaro. Kashe fanka nan take. In bai tsaya ba, kashe mota ka cire kan batir.

Kusa da fanka akwai wata ƴar na'ura mai naɗaɗɗun wayoyi, rezistans, wadda take rage mata gudu a lamba 1, 2 da 3. Tana yin zafi sosai, iskar fanka ce take sanyaya ta. Busasshen ganye ko sheƙar ɓera in sun kwanta a kanta sai su fara babbakewa. In fankarka sai a lambar ƙarshe kawai take aiki, ita ce ta ƙone, domin lambar ƙarshe ba ta bi ta cikinta. Ciro ta, ƙusa biyu ne, ka duba ta da soket ɗinta: narkewa, baƙi, ko kore. Sannan juya fanka da yatsa. Ya kamata ta juya sakayau. In tana cijewa, ƙura ta cinye ta, tana jan wuta fiye da ƙima, kuma za ta ƙona sabuwar rezistans ɗin da ka sa.

Duba fis ɗin fanka, galibi mai lamba 20 zuwa 30. In ka tarar an naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa, ka gano rabin matsalar. Fis yana tsinkewa ne don kada waya ta kama wuta a bayan tablo, inda hannu ba ya kai wa. Mayar da mai lambar da aka rubuta a murfin akwatin.

7. HAYAƘI, BAƘIN MAI, ISANSI

Waɗannan daga waje suke, gwaji na biyu da na uku ne suke tona su.

Hayaƙin salansa shi ne wanda nake tsoro. Cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ita kanta ba ta da wari ko launi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi. Wani direban Hiace da ke jigila zuwa Ɗan Isa ya yi makonni yana shan maganin ciwon kai yana cewa sanyi ne ya kama shi. Da muka duba, bututun da ke fitowa daga inji ya tsage, fasinjojin gaba ma suna shaƙa. Da safe inji yana sanyi ka tada shi ka saurara: tsagewa tana ƙarar tas-tas-tas da take raguwa in ƙarfe ya yi zafi. Nemi baƙin toka a mahaɗan bututun. Sa abokin aikinka ya danne bakin salansa da tsumma mai kauri na daƙiƙa biyu ko uku, inda yake yoyo zai yi huci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka bayan walda ka duba robar da ke bakin bonet ta baya, wadda take hana iskar inji kaiwa ga raga, da robobin da wayoyi suke bi ta cikin bango, da ramukan tsatsa a ƙasan mota. Motoci masu dogon baya suna zuƙo hayaƙi ta ƙofar but in robarta ta mutu ko an ɗaure ta a buɗe saboda kaya. Kafin a gyara, tagogi a buɗe. Kuma ina roƙon direbobin da suke kwana a tasha da ɗari: kada a rufe gilashi a bar inji yana aiki a yi barci. Wanda aka samu ya galabaita a irin wannan hali, a fitar da shi iska, a kai shi likita ba jinkiri.

Baƙin mai mai ƙonewa yana da kauri a hanci, yakan fi tashi in ka tsaya bayan tafiya. Haska gefen murfin saman inji, ɓangaren salansa. Ka ga jiƙa, gasket ɗin murfin ya bushe. Sauya shi, ka ɗaure ƙusoshin a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Ƙanana ne, ɗaurin ƙarfi yana karya su ko ya lanƙwasa murfin. Wani lokaci ma man da aka zubar wajen juye ne, wanki kawai yake so.

Isansi: kashe mota, a kashe sigari, ba a haskawa da ashana ko leta. Bi tiyoyin mai daga tanki zuwa kafireto ko injekta, ka lanƙwasa su kaɗan ka ga ko sun tsattsage. Zafinmu yana busar da roba da wuri. Tiyon mai ake sa wa, ba na ruwa ba. Kada a tuƙa ta sai an gyara.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai yawanci batir ne yake dahuwa. Taɓa gefensa: zafi ko kumburi. Da mita, inji yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5, in ya haura 15, cajar mota ce take cika masa wuta. Babu mita, ka lura ko fitilu suna haske fiye da ƙima in ka taka totur, ko ƙwayayensu suna yawan mutuwa. Kada ka kusanto da wuta wurin. In batir lafiya lau, warin kuma daga baya yake, tukunyar tace hayaƙi ta salansa ce, a motocin da suke da ita.

8. GWAJIN ƘARSHE

Wari biyu suna iya haɗuwa a tsohuwar mota, ɗaya ya rufe ɗaya. Saboda haka bayan gyara ka bar ta ta kwana, da safe ka maimaita gwaji huɗun nan daga farko, da wannan mutum na biyun. Sannan ku fita kan kwalta, kamar hanyar Tibiri ku dawo, gilashi a rufe, shofaj a kunne, ku tsaya minti biyu inji yana aiki, ku sake tafiya. Wanda yake gefe ya riƙa taɓa kafet, kai kana kallon allurar zafi. Kwana uku a jere ka duba alamar da ka sa a gorar ruwa. Daga nan, ko a watan Afrilu ne, sau ɗaya a wata ka tura maɓallin zuwa ja na minti biyar, don ruwa ya zagaya cikin ƙaramin lagireton, ɗan famfon kuma kada ya ƙage.